Hazon Bodele da guguwar Bahar Rum: abin da ke sa hunturu zuwa yana komawa

Wanda ya taɓa kwana a Kusiri cikin watan Janairu ya san irin safiyar da nake nufi. Ka kwanta da dare taurari tar a sama, fitilun Njamena suna ƙyalli a ƙetaren kogi kamar ka miƙa hannu ka taɓa su. Da asuba ka fito alwala, ruwan buta ya sare maka yatsu, gari na wayewa ka tarar an shafe komai. Babu ƙetare, gadar Ngeli ma sai ka zo dab da ita. Rana in ta fito sai ta tsaya kamar farin faifai, ka zuba mata ido ko ƙiftawa ba ka yi. 'Yan kilando, masu haya da babur, sun naɗe fuska da rawani, gira da gashin ido sun yi furu-furu. A teburin mai shayi kowa ya rungume kofinsa da hannu biyu.

A irin wannan safiya ce na ji wani dattijo yana tsokanar wani saurayi da ke ta latsa waya. "Kai ɗan nan, ba shekaranjiya kake cewa sanyi ya yi sallama ba?" Yaron ya ce, "Baba, ai ga shi nan a waya, yau ma digiri 33 aka rubuta." Tsohon ya kurɓi shayinsa ya ce, "To madalla. Tuɓe rigar sanyin ka yafa wayar." Aka yi dariya aka watse. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, domin wayar ba ƙarya zalla ta yi ba, kuma shi ma dattijon da an tambaye shi yaushe sanyin zai sake lafawa, da Allahu a'alamu zai ce.

Mun saba ɗaukar hunturu kamar baƙo guda, ya sauka a Nuwamba, ya yi haramar tafiya wajen ƙarshen Fabrairu. Fulanin Marwa da Garwa suna ce wa lokacin dabbunde, Larabawan Chadi su ce shite. Amma duk mai lura ya san ba a dunƙule yake zuwa ba. Yakan buso kwana uku ko huɗu, hazo ya rufe, sanyi ya yi muku-muku. Sai iska ta kwanta, sama ta washe, rana ta buɗe har mata su fara wanke barguna su adana. Bayan 'yan kwanaki kuma ya dawo kamar wanda ya manta takalminsa. Akalar wannan zuwa da komawa tana can nesa, a Bahar Rum da sararin Turai, inda a daidai waɗannan watanni guguwar lokacin sanyinsu ke bin sawun juna. Kuma da yake akalar doguwa ce, ana ganin motsinta kwanaki kafin ƙurar ta iso ƙofar gidanmu.

Iska tana da nauyi, ko da yake jikinmu ya saba da shi har ba ma ji. Nauyin kuma ba ɗaya ba ne a ko'ina. Inda ta taru ta yi nauyi mu kira shi tudun iska, abin da masu karanta meteyo, wato hasashen yanayi, da Faransanci ke cewa antisiklon. Inda ta yi ƙaranci kuma mu ce ramin iska. Halinta ɗaya da na ruwa, daga tudu take gangarawa rami. A watannin sanyi akwai tudun da ke zaune a kan Libiya da arewacin Sahara, ramin kuwa yana kudu, inda busasshiyar iskar hamada ke karo da iskar teku mai laima. Layin wannan karo shi ne ke hawowa arewa da damina ya kawo mana ruwa, a Janairu kuwa yana can kusa da gaɓar teku. Juyawar duniya ce ke karkatar da iskar a hanya, shi ya sa take shigo mana ta arewa maso gabas maimakon ta zo miƙe daga arewa.

To me ke sa tudun Libiya ya kumbura yau, gobe ya sace? A can sama, wajen kilomita 10 daga ƙasa, inda manyan jirage ke bi, akwai wani kogin iska da ke gudu daga yamma zuwa gabas, gudun da kan wuce kilomita 200 a awa. Ba ya tafiya a miƙe, lanƙwasa yake yi kamar kogin Logon tsakanin Yagwa da Kusiri. Duk inda ya lanƙwaso kudu, iskar arewa mai tsananin sanyi kan biyo shi, ta gamu da ɗumin ruwan Bahar Rum, a haifi guguwa: ruwa da iska a Italiya da Girka, dusar ƙanƙara a duwatsun Turkiyya da na Aljeriya. Ranar 7 ga Janairun 2018 har jigawar garin Ain Safra da ke bakin hamadar Aljeriya sai da ta yi fari da ƙanƙara, hotunan suka zaga duniya. Idan irin wannan guguwa ta wuce gabas wajen Masar, takan bar tarin iska mai sanyi da nauyi a bayanta, ta kwararo cikin Sahara. Tudun sai ya ƙara tsawo, gangaren da ke tsakaninsa da kudu ya ƙara kaifi, iska ta ƙara gudu. Kwana biyu ko uku bayan haka mu ne ke lalubar bargo. Shekarar da guguwar ta yi ta jeruwa a Bahar Rum, wata na fita wata na shiga, ita ce shekarar da za ka ji ana cewa bana hunturu ya ƙi tafiya.

Sai dai ba kowace guguwar Turai ce ke aiko mana da saƙo ba. Wadda ta tsaya yamma wajen Maroko, sau da yawa juya iskar take yi, ta ja ƙurar Sahara ta kai wa Turawa, kamar yadda aka gani a Maris na 2022 lokacin da sararin Sifen ya koma ja. Wata kuma takan zurfafa kudu har ta jawo laimar teku ta zubar da ruwa a tsakiyar rani. Haka aka yi a arewacin Senegal da Muritaniya a Janairun 2002, ruwa da sanyi suka haɗu suka kashe dubban dabbobi cikin 'yan kwanaki. Saboda haka mai hasashe ba guguwar kaɗai yake kallo ba, ya fi damuwa da inda tudun zai zauna bayan ta wuce.

Iska ita kaɗai ba ta yin hazo, sai ta sami abin ɗauka. Nan ne Allah ya haɗa wa Chadi abu biyu. Na farko duwatsu. A arewa akwai Tibasti, wanda ƙololuwarsa Emi Kusi ta kai mita 3,415, babu dutsen da ya fi ta tsawo a Sahara duka. Kudu maso gabas da shi akwai Ennedi. Tsakaninsu akwai wata ƙofa, yankin Borku, inda garin Faya yake. Iskar da ta taso daga Libiya dole ta matse ta bi ta nan, kuma duk wanda ya taɓa ba da ruwa a lambu ya san abin da ke faruwa in an danne bakin tiyo da babban yatsa. Abu na biyu shi ne abin da ke shimfiɗe a bakin ƙofar, wato kwarin Bodele.

Shekaru kamar 7,000 da suka wuce wurin nan ƙarƙashin ruwa yake. Tafkin Chadi na wancan zamani ya kai murabba'in kilomita kusan 350,000, kamar kashi uku cikin huɗu na faɗin Kamaru duka, kuma Bodele ne wurin da ya fi zurfi. Har yau kwarin ya fi tafkin da muka sani gangarawa ƙasa da sama da mita 100, busasshiyar hanyar ruwan Bahar Gazal ce ta haɗa su. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa waɗanda ido ba ya gani, sun taru sun yi kauri, fari fat kamar alli, ba nauyi kamar toka. Har ƙasusuwan kifi ana tsinta a wurin. Iska in ta kai gudun kilomita 36 a awa ko kusa da haka, sai ta fara mirgina dunƙulen allin nan, suna dukan juna suna niƙewa, garin ya tashi sama. Ana samun haka kimanin kwana 100 a shekara, galibi a watannin sanyi, kuma babu wani wuri guda a doron ƙasa da aka sani yana fitar da ƙura kamar Bodele. Farin da kake karkaɗewa daga tabarma da sirdin babur a Marwa, wani sashensa ragowar halittun tsohon tafki ne. Wani sashen ma yakan ƙetare Tekun Atilantika, masu bincike sun daɗe suna ja-in-ja kan yawan wanda ke kaiwa dajin Amazon ya zame masa taki.

A farkon 2005 wata tawagar masana daga jami'o'in Ingila, cikinsu har da Richard Washington na Oxford da Martin Todd, ta je ta kafa sansani a Bodele da na'urori da balan-balan. Abin da suka auna a can ya bayyana wani abu da mu ma muke ganin ƙaninsa kullum ba mu tambayi dalili ba. Da dare ƙasa takan huce, iskar da ke manne da ita ta yi sanyi ta kwanta lamo, ta rabu da wadda ke samanta kamar yadda mai ke rabuwa da ruwa. Ta saman nan, 'yan ɗaruruwan mita daga ƙasa, ba itace ba dutse da zai riƙe ta, sai ta yi ta ƙara gudu har asuba. Rana na fitowa ta ɗumama ƙasa, sai ta sama da ta ƙasa su gauraya, gudun ya sauko. Shi ya sa ƙurar Bodele da hantsi take tashi. Shi ya sa kuma a garuruwanmu asuba take shiru, da hantsi iska ta fara kaɗa zana da kwanon rufi, wajen la'asar ta lafa.

Daga nan lissafin ya zo da sauƙi. Tsakanin Bodele da Njamena kimanin kilomita 600 ne a miƙe. Ƙurar da ta tashi da hantsi, in tana tafiyar kilomita 40 a awa, awa 15 take bukata. Wato tsakar dare za ta shigo, mutane na barci, shi ya sa hazo ya zama abin da ake wayar gari a tarar. Marwa tana bin baya da 'yan awoyi, Garwa kuma ta samu nata ya riga ya ɗan tsinke. Tun kafin zuwan tauraron ɗan'adam masu hasashe a Najeriya sukan saurari rahoton Faya, in an ce ƙura ta tashi a can, su ce Kano ta shirya. Amma akwai wata 'yar matsala. Babbar hanyar ƙurar kudu maso yamma take bi, ta kan tafki, ta nufi Difa da Maiduguri da Kano. Mu muna gefen hanyar ne. Iskar ta ɗan ƙara karkata daga arewa, mu ne a tsakiyar hazon. Ta ɗan karkata daga gabas, mu ga sama garau alhali Maiduguri ba a ganin tafin hannu. Karkatar da ba ta taka kara ta karya ba a taswira ita ce ke raba gari da gari.

Sai maganar zafi da sanyi, wadda ita ce ta haɗa dattijon da saurayin. Sauyi iri biyu muke fama da shi, mutane kuma sukan cakuɗa su. Na farko na kullum ne, tsakanin dare da rana. A Njamena cikin Janairu, in an daidaita shekaru, dare kan sauka wajen digiri 14, rana ta hau wajen 32. Dalilinsa bushewa ce. Laimar da ke cikin iska ita ce bargon ƙasa, ita ke riƙe ɗumin da ƙasa ta sha da rana. Da damina bargon na da kauri, shi ya sa ake kwana ana gumi. Da hunturu an yaye shi, rana na faɗuwa ɗumin ya tsere sama. Wannan bushewar ce kuma ke tsaga leɓe, ta kawo faso, ta sa kasuwar man kaɗe ta buɗe.

Na biyu shi ne na mako zuwa mako, wanda bugun iskar arewa ke kawowa. Iskar kanta mai sanyi ce, ga kuma ƙura ta tare rana. Ranar da hazo ya yi kauri, zafin tsakar rana kan gaza abin da aka zata da digiri da dama. A farkon Maris na 2006 an sami babban misali. Iska mai sanyi ta kwararo daga Aljeriya, ta tayar da ƙurar da ta rufe Afirka ta Yamma kusan mako guda. Ya yi daidai da lokacin da masu bincike suka girke na'urori a Yamai, suka auna komai: gani ya ragu ƙasa da kilomita ɗaya, zafin rana ya faɗi da kusan digiri 10. An yi makamancin haka a farkon Maris na 2004. Ku lura da watan. A Maris ƙasa ta riga ta ɗau zafi, kowa ya sallami sanyi, shi ya sa bugun ƙarshen nan ya fi kama mutane ba shiri. Da dare kuma abin ya juye, domin ƙurar kan maye gurbin bargon, ta ɗan riƙe ɗumi. Daren hazo iska ce ke sa jiki rawa, ba lallai ma'auni ya sauka sosai ba.

Ga nawa ra'ayin: a duk abubuwan da sararin samanmu ke yi, bugun hunturu yana cikin waɗanda suka fi daɗin hasashe. Hadarin damina kan haɗu cikin awa biyu ko uku, ya zubar a wannan unguwa ya tsallake waccan. Tudun Libiya kuwa faɗinsa dubban kilomita ne, kuma a hankali yake motsi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Cibiyar hasashen yanayi ta ƙasashen Turai da ke Ridin a Ingila, da takwararta ta Amurka, suna hango kumburin tudun kwana huɗu ko biyar kafin ya faru, kuma galibi ba sa kuskure mai yawa a wannan tazara. Akwai cibiya a Basalona ƙarƙashin Hukumar Yanayi ta Duniya wadda aikinta ke nan, fitar da taswirar inda ƙura za ta bi cikin kwana uku masu zuwa. Tauraron Meteosat yana aiko da hoton Afirka duk 'yan mintoci, kuma an tsara launukan yadda ƙura ke fitowa ruwan hoda, dare da rana. Mutum na iya zama a Njamena ya ga harshenta ya fito daga bakin ƙofar Borku da hantsi, ya duba agogo.

Ba kuma a rasa masu karanta waɗannan abubuwa a gida ba. Chadi tana da hukumar yanayi ta ƙasa, ANAM. Kamaru tana da sashen meteyo a ma'aikatar sufuri, da hukumar lura da sauyin yanayi, ONACC, mai fitar da sanarwa duk kwana goma. ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama da aka kafa tun 1959, tana da ma'aikatan yanayi a filayen jiragen Njamena da Garwa. A Yamai akwai cibiyoyin yanayi na ACMAD da AGRHYMET masu yi wa yankin duka aiki.

To me ya sa wayar saurayin ta rubuta 33 alhali kowa na makyarkyata? Da farko, lambar ta tsakar rana ce, shi kuwa da asuba yake karanta ta. Bayan haka, lambar da ke waya ba wani ne ya auna ta a Kusiri ba. Kwamfuta ce a wata nahiya ta yanyanka duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa kilomita 9 ko fiye, ta ba kowane gida lamba guda. Da yawa daga cikin waɗannan lissafe-lissafe ba sa saka ƙurar ranar, matsakaicin ƙurar watan suke ɗauka, don haka ranar hazo mai kauri sukan ba rana ƙarfin da ba ta da shi. Da dare kuma siririn sanyin nan da ke kwanciya a ƙasa ya fi ƙarfin ganinsu. Iska mai sanyi gangare take bi ta taru, shi ya sa mai lambu a bakin kogin Mayo Tsanaga yake kwana cikin sanyin da na tsakiyar Marwa, tsakanin bangon siminti, bai san da shi ba, waya kuwa lamba ɗaya ta ba su. An kuma gano cewa kwamfutocin sukan rage wa iskar hantsin Bodele ƙarfi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙura ba daidai da iska take ƙaruwa ba. Iska ta ƙaru kaɗan, ƙura ta ninka. Sai ka ga an faɗi ranar daidai, kaurin hazon kuwa an yi nisa da shi.

Tushen matsalar ƙarancin awo ne. Kwamfuta tana bukatar sanin halin da sama take ciki yau kafin ta faɗi na gobe, kuma hanyar da ta fi inganci har yanzu ita ce a saki balan-balan ɗauke da na'ura, safe da dare, ta hau tana aiko da labari. Arewacin Chadi ya fi ƙasashe da yawa girma, tashoshin awon da ke cikinsa kuwa ana ƙirga su da yatsu. Hukumar Yanayi ta Duniya ta sha faɗin cewa tashoshin Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da ake bukata ba. Wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya, daga sama kawai ake leƙensa.

Akwai kuma iyakar da ko an cika hamada da na'urori ba za a ƙetare ta ba. Tun 1963 wani masani Ba'amurke, Edward Lorenz, ya nuna cewa ɗan kuskuren da ba a gani a awon farko yakan yi ta girma har ya cinye hasashen duka, kuma a aikace iyakar ba ta wuce mako biyu. Dabarar da aka samo ita ce a gudanar da lissafin sau da yawa, kowane da ɗan bambanci a mafari. Cibiyar Ridin sau 51 take yi. Kamar ka tsaya kan gadar Ngeli ka zuba sakaina 51 a ruwa: a farkon tafiya tare suke, can gaba wasu su maƙale a ciyawa, wasu su bi tsakiya. In bayan kwana biyar 45 daga cikinsu sun nuna tudun zai kumbura, sai ka faɗa da ƙarfin gwiwa. In sun watse, gaskiyar magana ita ce a ce mako mai zuwa akwai alamar iska za ta yawaita, a yi shiru kan rana. Duk wanda ya turo maka saƙo cewa ranar kaza ga watan gobe za a yi sanyin da ba a taɓa gani ba, ka san inda za ka ajiye shi. Akwai ma wani da ke yawo a WhatsApp yana cewa duniya ce ta yi nisa da rana shi ya sa ake sanyi. Abin dariyar shi ne a farkon Janairu duniya ta fi kusa da rana, kilomita miliyan 147, a Yuli kuma 152.

Malamanmu masu lissafin taurari suna da nasu tsari, manzili 28, wato masaukan wata cikin taurari, kusan kowanne kwana 13, kuma su Sa'adu Zabihi da Sa'adu Bula'a a cikin sanyi suke faɗowa. Ban raina wannan lissafi ba, kalanda ce da aka gina kan lura ta ɗaruruwan shekaru, tana gaya maka lokacin da ya kamata ka sa ran sanyi. Abin da ba ta faɗa shi ne ko Talatar nan ce ko Asabar. Shi kuma mai meteyo ba duba yake yi ba, ba kuma da'awar sanin gaibu ba. Ƙura ce ya gani ta taso, ya san gudunta, ya san nisan hanya, kamar wanda ya hango ayari daga kan tudu ya ce kafin magariba za su iso.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne labarin yana nan amma ba ya isa inda ake bukatarsa. Wata shekara na yi kwana biyu ina safa da marwa zuwa filin jirgi, kullum a ce mu jira, jirgi bai iya sauka ba saboda hazo. A rana ta biyu na faɗa hira da wani ma'aikacin yanayi a wajen cin abinci, ya ce mini, "Malam, ai tun shekaranjiya muka ga wannan, kuma kafin jibi ba zai ɗaga ba." Kamfanin da ya sayar mini da tikiti bai ga dalilin gaya mini haka ba. Ni hasarata kuɗin kilando ce da ɓacin rai. Masunci a tafki da zai fita da kwalekwale da asuba, ruwa lamo, iskar hantsi ta riske shi a tsakiya, tasa hasarar ta fi haka. Haka manomin shinkafar rani a Yagwa da Maga, wanda sanyin dare ke hana irinsa tashi a gadon reno. Mai masakwa a karal, wato ƙasar laka, da mai albasa kuwa sanyin suke so, abin da suke tsoro shi ne zafi ya shigo da wuri.

Sai asibiti. Garuruwanmu suna cikin zirin sanƙarau da likitan Faransa Lapeyssonnie ya zana a 1963, daga Senegal zuwa Habasha, kuma cutar a watannin bushewa da ƙura take tashi, ta lafa da shigowar laima. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutum kusan 250,000 a Afirka, ta kashe kusan 25,000. Rigakafin MenAfriVac da ya iso Chadi da arewacin Kamaru a 2011 ya karya lagon nau'in da ya fi ɓarna, amma akwai sauran nau'o'i. Ban da wannan ga masu asma da tsofaffi da jarirai. Ga kuma kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da taga, hayaƙin da ba a gani ya kwantar da mutane cikin barci, da gobarar da busasshiyar iska ke hurawa. Duk waɗannan gargaɗin kwana biyu zai rage su. Ba jadawalin lambobi da Faransanci ake bukata ba. Jimla uku a gidan rediyo da Hausa da Fulatanci da Larabci sun isa: daga daren Laraba hazo zai shigo, zai kai Asabar, masu ciwon ƙirji su rufe hanci, masu kwalekwale su dawo kafin hantsi.

Akwai kuma jimla ta huɗu da ban taɓa jin an faɗa a rediyo ba, a bakin kawuna na ji ta, mai lambun albasa a Meskin kusa da Marwa. Na kai masa ziyara a ƙarshen wani bugu, hazo ya yi kwana uku, ranar da yamma iska ta ɗauke, sama ta fara washewa. Na ce, "Kawu, an samu sauƙi ke nan." Ya ɗaga kai ya dubi taurarin da suka fara fitowa ya ce, "Sauƙi? Yau ne ma za ka ji a jikinka." Daga baya na gane lissafin nasa daidai yake da na littafi: iskar arewa mai sanyi ta riga ta zauna, ƙurar da ke ɗan riƙe ɗumi ta janye, kuma babu kaɗawar da za ta gauraya sanyin ƙasa da ɗumin sama. Ya ƙwala wa yara kira su kwaso 'yan awakin da aka haifa makon nan. Da su uku muka kwana a zaure.